Ƙullin da Ke Jikin Igiyar Kakanka

Da sunan Allah, Mai ruwa da abin da ke cikinsa. Tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen halitta.

Takarda ta fito daga ubanka Bagudu masunci, a Kalmalo ta ƙasar Illela, zuwa ga ɗana Nomau, baƙon masuntan Kware. Gaisuwa mai yawa da yarda da sa albarka. Ina roƙon Allah ya sa ka sauka lafiya, ya tsare ka daga sharrin ruwa da na tudu da na mai baki biyu. Innarka tana gaishe ka, ta ce a tambaye ka ko kana cin abinci. Na ce mata takarda ba ta amsa tambaya nan take, ta ce a dai rubuta.

Ka san hannun ubanka bai saba da alƙalami ba. Malam Sa'idu na bakin kasuwar Illela ne ke rubutawa, ni ina faɗa, kuma na sa shi ya yi mini alkawari cewa abin da zai ji yau ba zai fita daga zaurensa ba. Kai ma in za ka nemi wanda zai karanta maka, ka nemi mai nauyin baki, in da hali wanda ba shi da dangi a Kalmalo.

Ba labarin gari zan ba ka ba, gari yana nan yadda ka bar shi. Maganar aurenka ce ta biyo ka. Ka tuna ranar da muka je Kware neman Hajo, abin da ubanta Bube ya faɗa a gaban mutane: "Ni ban son saniya, ban son riga. Yaro shi zamna nan shi ga ɗari, shi ga bazara, shi ga damana. In ruwa ya ci da shi duka ukun, ɗiya tashi ta, in yanka mai hili kusa da ni shi kahwa gida. In ko kwandonai ya cika lokaci guda ya bushe saura, shi koma Kalmalo da gaisuwata." Mutumin nan ba wasa yake yi ba, na ga idonsa.

To, ranar da za ka tashi, ka durƙusa a ƙofar gida ka roƙe ni igiyar fatsa ta kakanka Jatau, mai ƙullin nan. Maƙwabta duk suna tsaye. Na shiga ɗaki na ɗauko na miƙa maka da hannu biyu, ka karɓa ka ce, "Baba, ba ni taɓa ƙullin ga, ko yunwa za ta kashe ni." Mutane suka ce kyan ɗa ya gaji ubansa. Ni kuwa na san cewa in ka cika wannan alkawari, yunwar za ta zo, Hajo kuma za ta auri wani. Na buɗe baki in yi magana, na ga Tunau maƙwabcinmu yana kallona, sai na ce maka Allah ya kiyaye hanya.

Labarin da ka sani tun kana rarrafe shi ne, kakanka ya kama tarwaɗar da maza biyu suka ɗauko da sanda, kuma ɗan karan da ke yawo bisa ruwa yana ɗaure a kan ƙullin nan, kamu huɗu daga ƙugiya. Daga nan aka ce zurfin gidanmu ke nan, asirinmu ne, ba a ƙara masa ba a rage masa. Duk igiyar da ta tsufa, sai mu murza sabuwa, mu shimfiɗa ta jikin tsohuwar, mu ƙulla a daidai wurin, da bisimilla. Ni na gaya maka wannan labari, kuma kullum na gaya maka sai tarwaɗar ta ƙara girma. Abin da ban gaya maka ba shi ne wahalar da ƙullin nan ya ba ni. Ka gyara zama.

Kamu huɗu yana kama kifi, ba na yi masa ƙarya. Yana kamawa da kaka, lokacin da ruwa ya kwanta, bai yi sanyi ba bai yi zafi ba. A lokacin nan nakan bi ta tsakiyar gari da kwando a kaina ko da ba hanyata ba ce. Amma da zarar ɗari ya shigo sai kifi ya ɗauke mini ƙafa. Wata shekara, kana ɗan yaro mai kiwon awaki, ɗarin ya yi tsanani. Tun da asuba nake kwanciya a kan gorana, babban goran nan na masunta, in tura shi tsakiyar tafki, haƙorana suna kaɗawa, ƙugiya tana rataye tsakanin sama da ƙasa, ba mai ko gaishe ta. Ga Tunau can kusa da ni yana ta fizgo tarwaɗa, mutumin da ubansa manomi ne, bai san ruwa ba sai a randa. Wata rana tausayina ya kama shi, ya ce, "Bagudu, sake mata igiya mana, kihi na ƙasa."

Na ce, "Tunau, kai ubanka garma yab bar ma, ni ubana ruwa yab bar min. Kowa shi tsaya ga gadonai."

Na koma gida na yanke hukunci cewa Tunau ya ɗaure mini bakin kifi. Na kama zakaran innarka na nufi Amarawa wurin wani boka. Ya dube ni, ya dubi zakaran, ya ce lallai akwai hannu a cikin lamarin. Ya ɗinka mini laya mai kauri da guntun ƙarfen maƙera a ciki, ya ce in ɗaura ta kusa da ƙugiya. Kashegari na jefa. Nauyin layar ya ja ɗan karan ya nutse da shi, ƙugiya ta tafi har ƙasa, ina cikin zagin bokan a zuciyata sai na ji an fizge ni. Tarwaɗa! Na sake jefawa, wata. Ran nan sai da na ari kwandon Tunau ɗin da nake zargi. Na aika wa boka da ƙyafaffen kifi, na riƙa gaya wa kowa cewa ƙullin Jatau da layar Amarawa in sun haɗu ba a ja da su. Tunau ya dai karɓi kwandonsa ya wanke.

Ɗana, ba laya ce ta kama kifin nan ba, dutse ma zai yi wannan aiki, kuma dutse ba ya cin zakara. In sanyi ya sauko, kifi yakan gangara ƙasa ya lafe a cikin kwari, jikinsa ya mutu, ba ya bin ƙoto, sai ƙoton ya iske shi har bakinsa. Saboda haka ka saki igiya har ƙugiya ta kusa shafar laka, ka sa ƙoto ɗan ƙarami, ka yi haƙuri. Kada ka yi sammako don Bube ya ce kai jarumi ne, da asubar ɗari ba abin da za ka kamo sai mura. Ka bari rana ta ɗaga. In ta take tsaka ta ɗumama bakin ruwa, kifin gargaza kan taso shan hantsi kamar tsofaffin ƙofar fada, a nan sai ka ɗage ƙugiyarka sama ka bi su. Wuni ɗaya, zurfi biyu, kuma ba wanda ya ci amanar kakansa.

Ni ban gane haka ba a lokacin. Da bazara ta kama, ruwa ya ja baya, rana tana dukan tafki har tururi yake yi, kifi ya sake ƙaurace mini. Na yi lissafi irin na masu hankali, na ce in laya ɗaya ta cika kwando biyu, biyu fa? Na koma Amarawa da zabuwar innarka. Wannan karon sai da na bi ta bayan danga, domin ta soma ƙirga kajinta. Na ɗaura layu biyu na jefa, ƙugiya ta nutse cikin laka har ba ta son fitowa. Wuni guda ina jawo baƙar laka mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Can da la'asar na ji nauyi, nauyi na gaske. Na ƙwala wa mutanen bakin tafki kira su zo su ga ƙanen tarwaɗar Jatau. Suka taru, har da masu wanki. Na ja, na ja, sai ga kunkuru ya fito yana kallona, layar boka ɗaya a bakinsa. Wata tsohuwa ta ce, "Maraba da malam, ashe shi ma shina son tsari." Sunan da yara suka kira ni da shi a shekarar nan ba zan sa Malam Sa'idu ya rubuta ba.

Ga abin da ke ciki. Da bazara saman ruwa yana yin zafi, kifi ba ya zama a can. Ƙasan kuma yana ruɓewa, ciyawar da ta mutu da lakar da ta daɗe suna shaƙe shi, ba mai iya zama sai gaiwa da kunkuru. Kifin kirki yana tsakani, a inda zafi ya ƙare sanyi ya soma. In kana kan gora, ka zura ƙafarka a hankali, za ka ji wurin da ruwan ya sauya a fatarka, to nan za ka rataye ƙugiya. In ka jawo ta ka ji tana wari, ka sauka da yawa, ɗago. Ka nemi inuwa, gindin bado da saiwar itace. Sammakon da na hana ka da ɗari yanzu ne lokacinsa, kafin rana ta fito kifi yana sama yana haɗiyar iska. In kuma guguwa ta dama tafki cikin dare, ka tarar da safe kifi yana buɗe baki a saman ruwa kamar masu kuka, ka ajiye fatsa ka ɗauki ragar koma, ran nan ba a yi da ƙoto.

Mutum in ya ƙi ganin laifinsa, ba ya rasa wanda zai ɗora wa. Da boka ya fita daga raina sai na koma kan Nasara. Shekarar ce suke bi suna kafa duwatsu tsakaninmu da Ƙonni, suna cewa nan na Ingilishi, can na Faransa, har gonar mutum ta kwana a ƙasa biyu. Na zauna a kasuwar Illela na ce kifin Kalmalo sun ji labarin haraji sun yi ƙaura zuwa wajen Faransa. Wasu suka gyaɗa kai, don ba abin da ba a yarda da shi a shekarar nan. Tunau ya ce, "Da ƙahwa sunka tahi, Bagudu? Ina ruwan da sunka bi?" Na ce ta ƙarƙashin ƙasa, kuma in bai yarda ba ya tambayi gaiwa.

Ana nan sai ga ɗaya daga cikin Turawan ya sauka bakin tafki da tafintansa. Aka ɗaure masa goruna aka shimfiɗa asabari, ya hau yana ta jan gumi, fuskarsa ja wur. Ni aka sa in tura shi. Ya fito da igiya mai dunƙulen dalma a bakinta, ba ƙugiya ba ƙoto, ya riƙa jefawa yana jawowa. Tausayinsa ya kama ni, na ce wa tafinta, "Gaya mai kihin Kalmalo ba su cin dalma." Tafinta ya ce in yi shiru, zurfi ake aunawa. Na yi shiru ina dariya a ciki, na ce ga mutum ya ƙetaro duniya don ya auna abin da ubana ya gama aunawa. Amma ido ba ya ƙin gani. Nan ya jefa, igiyar da ta jiƙe ba ta kai ƙuguna ba. Na tura shi gaba kaɗan, ta tafi har ta fi tsawon mutum biyu. Kuma ramin nan yana gefen wurin da na shekara da shekaru ina kwanciya, ban taɓa sanin yana nan ba. Ni da aka haifa a bakin ruwan, ina tsammanin ƙasan tafki a shimfiɗe yake kamar tsakar gida. Bature ya tafi da abinsa, bai san ya bar ni da tunani ba.

Don haka kafin ka jefa ƙugiya a ruwan Kware, ka ɗaura dutse a igiya ka zagaya kana dubawa. Ka san tudunsa, ka san kwarinsa, ka san inda tudu ya gangara ya faɗa rami, domin kifi yana son bakin gangare yadda 'yan kasuwa ke son bakin hanya. Masuntan can za su yi maka dariya su ce baƙo yana kamun kifi da dutse. Ka bar su, dariya ba ta huda kwando. Kuma ka sake aunawa in ruwa ya ƙaru ko ya ragu, awon jiya ba ya yi wa gobe aiki.

Kada ka zaci daga nan na shiryu. Na ce ai ramin ne ban sani ba, ƙulli yana nan daidai. Da damina ta sauka, ruwa ya cika ya haura har gindin gonarmu, ya yi ja kamar kunun kanwa. Na tura gorana can bisa ramin Bature, na jefa kamu huɗu na ubana, na kwanta ruwan sama yana dukan bayana. Kwana da kwanaki ba ko ɗan kifin ƙurungu. Amma abin mamaki, kullum na komo sai in tarar da miyar tarwaɗa a gida. Na ɗauka innarka saya take yi don ta rufa mini asiri, na ci na yi shiru, mai cin bashin kunya ba ya tambaya. Har maƙwabta suka soma cewa ƙamshin gidan Bagudu ya hana su barci, ni kuma ina cewa ai gado ba ƙarya ba ne.

Wata rana ciwon ciki ya komo da ni da wuri. Na bi ta gona, sai na hango mace ta ɗaure zane tana tafe cikin ciyawar da ruwa ya shanye, ruwan bai kai gwiwarta ba, tana kifa kwando tana lalube. Ta jefo tarwaɗa tudu, ta jefo wata. Na matsa in ga matar wane ce wannan mai abin kunya, sai na ga tawa ce. Muka tsaya muna kallon juna, ni da igiyar gado, ita da kwandon wanke gero. Ta ce, "Sannu da ruwa, Maigida. Kihin ga da kaka nema tsakar tabki, kullum suna zuwa gaishe ka gona, ba su iske ka ba. Ni ko na ce bai kamata baƙi su koma hakanan ba."

Na yi borin kunya, na ce wannan ba kamun kifi ba ne, tsintuwa ce. Ta ce to a daren nan in ci tuwona da miyar kuka, tunda ba na cin tsintuwa. Na ci tsintuwar, har na nemi ƙari. Rashin sani ne, kaza ta kwana a kan dami da yunwa.

Ka riƙe wannan da kyau, don damina ce ƙarshen gwajinka, kuma a nan ake raina baƙo. In sabon ruwa ya shigo, kifi yana barin zurfi ya bi shi zuwa gefe, cikin ciyawa da bakin ƙorama, a nan abinci yake, a nan suke zuba ƙwai. Ruwa in ya yi duhu ƙugiya ta hau sama ta matso gaɓa, in ya washe har kana ganin yatsun ƙafarka ta sauka ta yi nisa. Wani lokaci tsakanin kara da ƙugiya bai fi taƙi ɗaya ba. In ka rasa gane inda suke, ka jefa fatsa uku, ɗaya sama, ɗaya tsaka, ɗaya ƙasa, wadda aka fara taɓawa ka mai da sauran wurinta. Ka kalli zalɓe, ba ya tsayuwar banza. Kuma ka riƙa gaida matan da ke wanki a bakin ruwa, ka saurari hirarsu. Sun fi kowa sanin inda kifi ke motsi, ba a dai tambayarsu ne.

Yanzu ga babbar. Malam, gyara alƙalaminka.

Bayan abin da ya faru a gona, zuciyata ta ƙi kwanciya. Na ɗauki igiyar na tafi Darna wurin Gwaggo Ige, ƙanwar kakanka, wadda ta rage a cikin waɗanda suka ga tarwaɗar da idonsu. Ta tsufa ƙwarai, ba ta gani sosai, amma bakinta bai tsufa ba. Na durƙusa na sa mata igiyar a hannu, na ce ta gaya mini asirin ƙullin nan da addu'ar da Baba ya tofa a kansa, ko mun manta wani abu ne shi ya sa ba ya ci kullum. Ta shafa, ta shafa, ta iske ƙullin, ta ce, "Mi kac ce? Asiri?" Sai ta fashe da dariya har tari ya sarƙe ta, aka kawo mata ruwa.

Ta ce, "Wane asiri, ɗan nan? Akuyata ta, wata baƙa mai ɓarna. Jatau ya shanya igiyatai bisa danga, tat taune ta tar raba biyu. Yab bi ta da sanda hab bakin rijiya, yak komo yana zage-zage yaƙ ƙulla. Kara ko yaɗ ɗaura nan don kar shi zame. Da akuyar ta ɗara tsawo, da zurhin gidanku ya kai kamu biyar."

Na ce, to tarwaɗar fa? Ta ce tarwaɗa gaskiya ce, amma ba maza biyu suka ɗauko ta ba, ita ta ɗauko ta a ƙwarya. Ta ce kakanka kuwa bai taɓa barin kara wuri ɗaya ba, kullum yana ja yana saki, bayan ransa ne aka iske karan a kan ƙulli aka ce wasiyya ce. Na fito daga Darna ban san ta inda na bi na iso gida ba. Malam Sa'idu ya ajiye alƙalami yana share hawayen dariya, sai da na jira shi.

Tun daga ran nan nake da kara biyu. Ɗaya yana kan ƙulli, shi nake fita da shi daga gida mutane su gani. In na yi nisa a kan gora sai in kwance shi in sa wani mai zamewa, in bi kifi duk inda ya tafi. Kifin da ka girma kana ci, na mai zamewa ne. Kai kana tudu kana jan taru da samari, ba ka taɓa ganin abin da hannuna ke yi a tsakiyar ruwa ba. Na so in gaya maka, amma duk lokacin da na soma, sai in ga yadda idonka ke haske in ana labarin Jatau, sai in ƙara wa tarwaɗa tsawo in yi shiru. Girman kai rawanin tsiya ne, na naɗa shi har ya yi mini kanta.

To na warware maka alkawarin da ka ɗauka a ƙofar gida, ba ya kanka. Ka kwance karan, ka sa shi ya riƙa zamewa. In Bube ya tambaye ka ina ka koyi bin zurfi, kada ka ce gado ne, ka ce uwarka ta koya wa ubanka. In ka rasa kifi, kada ka zargi maƙwabci ko boka ko Nasara kafin ka taɓa igiyarka. In wani Tunau na can ya ce maka saki, ka saki, ka kai masa kifi biyu da yamma. Kada kuma neman burge suruki ya sa ka nutsa bayan ƙugiyar da ta maƙale a ruwan da ba ka sani ba. Yanke ta, maƙeri yana nan, iya ruwa fid da kai.

Saura magana ɗaya, ita ce mai nauyi, kuma ba ta dariya ba ce. Takardar nan ta makara, da gangan. Na sha zuwa ƙofar zauren Malam in juya. Na zauna na yi tunani na ce, in na yi shiru, yaro zai riƙe ƙullinsa, ɗari ya ba shi kashi, bazara ta ƙarasa shi, kafin shuka ya komo gida. Ba wanda zai ce na yi wani abu, ai ban yi komai ba. In kuwa na faɗa masa gaskiya, zai cika kwando, Bube ya yanka masa fili, jikokina su tashi suna cewa su mutanen Kware ne, in gan su daga salla sai salla. Kai kaɗai gare ni namiji, Nomau. Gwiwoyina sun soma ƙara in na hau gora, kuma ban san wanda zai jawo ni tudu ba ranar da suka ƙi.

Innarka ta gane, don ba na iya ɓoye mata komai. Ina zaune ina gyaran ƙugiyar da ba ta lalace ba, ta tsaya a kaina ta ce, "Maigida, so kaka yi shi komo?" Na ce wane uba ne ba ya so. Ta ce, "Shina komowa. Amma wanda za ya shigo gidan ga da kai ƙasa, an yi mai dariya garin mutane, an ba wani matatai, ba shi na yaron da yat tahi ba. Kai ka iya kallonai kullum, kana sane?" Na miƙe tsaye. Na ɗauki sandata na taho Illela.

Saboda haka ka kama kifi, ɗana. Ka kama da ɗari, ka kama da bazara, ka kama da damina har Bube ya rasa abin cewa. Na san kowane kifi da za ka jawo yana ƙara nisanta ka da ƙofata, kuma ina roƙon Allah ya yawaita su. Ka zauna inda aka yanka maka, ka riƙe 'yar mutane da mutunci. Ni da Tunau mun tsufa tare, in gwiwa ta ƙi shi zai jawo ni, zai kuma yi mini gori har tudu, na yarda.

Allah ya tsare shigarka ruwa, ya tsare fitarka. Ya raba ka da kada da macijin ciyawa da zazzaɓin fadama. Ya sa Bube ya gan ka da idon rahama, ya sa Hajo ta zama sanyin gidanka. Ya yi maka albarkar da ta fi wadda bakina zai iya faɗa. In ka sami mai zuwa Illela, ka aiko da kalma ko ɗaya ce, don innarka tana nan tana jiran amsar maganar abinci, ni kuma ina yi kamar ba na jira.

Wasalam. Ubanka, Bagudu.